Jan Fenti a Jikin Duro

Duro sittin na sayo daga Sakkwato lokacin da kuɗin fetur suka cika gari, sha biyu a ciki na maganin ƙwari ne. Waɗannan na shafa musu jan fenti, na huda gindinsu, na sayar wa wani maƙeri a Sanyinna ya yi ƙyauren ɗaki da su. Maƙwabcina a kasuwar Tambuwal, dillalin duro kamata, har da riƙe ciki don dariya.

"Alhaji, mi kaka yi wa ƙarfe shaida sai ka ce saniya? Sabulu ya isa!"

Shi ɗauraye nasa na maganin ƙwari yake ya cakuɗa da sauran, ya sayar wa kowa. Wayo ke nan wai.

Da rani maruƙa suka mutu a wata ruga kusa da Kebbe bayan sun sha ruwa a rabin duro. Makiyayan suka zo kasuwa neman wanda ya sayar da duron. Na kai su Sanyinna, suka ƙirga nawa masu jan fenti a jikin ƙofofi, sha biyu cif. Gwanin sabulu kuwa da aka tambaye shi ina nasa suka tafi, sai susar ƙeya.

Ni ribar duro sha biyu na rasa. Shi ya rasa kasuwa tun daga Dogon Daji har Kebbe.