Ruwan Zafin da Aka Zubar Ba Bisimilla

"Tsai da shi nan," in ji Inna, kakata, tana nuna wayar da na jingina jikin ƙwarya.

Fim ne mai dogon zango na ƙasar waje, kan wata aljana da ta hana wani gida sakat. A kasuwar Goronyo anka tura min shi, kullum bayan la'asar muke kallo a tsakar gida. Inna ba ta jin yarensu ko kaɗan.

Na tsayar. A fim ɗin, matar gidan ce ta fito bayan ɗaki ta watsar da tafasasshen ruwa a ƙasa. Ni ban ma lura da wurin ba.

"Mi tac ce kahin ta zuba?"

"Ba ta ce komi ba, Inna."

"To ta ƙone ma wata ɗa. Wagga aljana ba muguwa ta ba, uwa ta."

Dariya na yi a ranar. Sai jiya munka kai kashin ƙarshe, anka sake nuna wurin nan: ruwan, tururin, sannan kukan jariri daga ƙarƙashin ƙasa. Mutanen da ba su taɓa jin sunan garinmu Rimawa ba, ga su suna faɗin abin da Inna ke gargaɗinmu a kai tun muna yara.

Ita ko mamaki ba ta yi ba. Hawaye take sharewa, don tausayin uwar.

Yau da safe na tace shinkafa, na tsaya da ruwan a hannu har sai da na yi bisimilla. Ku a gidanku, an taɓa gaya muku wannan?