Mata Biyar da Yayana

Sana'ar gidanmu fito ce. Ba mu da kwalekwale, ƙaton gora muke turawa: mai ƙetarewa ya rungume shi ta can, ni ta nan, in yi ta bugun ruwa da ƙafa har gaci. Babanmu kullum cewa yake, "Mai fito kawuna yake ƙirgawa, ba ya duban fuska." Na haddace maganar kamar karatun allo, ban taɓa zaton za ta hau kaina ba.

Wata ranar kasuwa cikin marka, da hantsi, kogin bayan garinmu Tabanni ya kawo ruwa daga daji, alhali ko yayyafi ba a yi mana ba. Wasu matan Gwari su biyar, da kayansu a kafaɗa, ruwan ya ritsa da su kan yashin tsakiya. Yayana ya faɗa ruwan da nasa goran don ya ɗauko su. Wani kututture ya taho ya fasa goran, ruwa ya ja yayan nawa can gangare, ya maƙale a reshen ɓaure.

Wallahi na tsorata. Ruwan ja wur, yana ƙugi, har ya kai wa matan cinya.

Yayana ya ƙwala min kira, "Kai, taho! Reshen zai karye!"

Na ƙirga: biyar, ɗaya. Na sake ƙirgawa ko Allah zai sa ya sauya. Sai na tura gora wajen matan.

Sawu uku na yi, bibbiyu sannan ɗaya. A sawu na biyu ina jin muryarsa. A na uku ban ji ba, kuma ban waiwaya ba, don tsoron abin da zan gani.

Mutanen gari suka yi ta sa min albarka, wai ko su haka za su yi. Su da ko ƙafarsu ba ta jiƙe ba! Ni dai tsoron shiga gida nake.

Inna ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ajiye min tuwo, ta zauna, ta ce, "Su nawa ne?"

Na ce, "Biyar, Inna."

Ta kalli ƙofa. Sannan ta ce, "Kowace uwa ai ɗaya ka mayar mata. Ni ma ɗayan nake jira."