Atishawar Azumi mai ƙwai

Shekara goma sha tara Azumi na zaune bakin tashar motocin Gaya a Malanville da tiren dafaffen ƙwai da kwalbar yaji. Duk direban da ka ƙetara gadar kan iyaka ya san ta. Ba ta taɓa saida wa mutum ruɓaɓɓe ba, don da asuba sai ta zuba ƙwan cikin ruwa, wanda duk ya taso sama ta jefar. Baki gare ta, wannan gaskiya ne, amma ba ta da ha'inci.

Sai ga murar tsuntsaye. A wata gona can nesa kaji sunka mutu, anka ƙone sauran, duwan, wato 'yan kwastan, sunka hana ƙwai ƙetare gada. Ƙwan dala ashirin ya koma talatin, shi ma sai an yi wuya. Azumi ta riƙa hawan kabu-kabu har Madekali, tana bin gida-gida tana tattaro na kajin da ta gani da idonta suna kiwo lafiya lau.

Ranar kasuwa ruwan sama ya doke ta a hanya. Tana zama, hanci ya yi mata ƙaiƙayi, ta yi atishawa guda. Guda tal, jama'a! Safiyanu ɗan kamasho, wanda bakinshi bai taɓa hutawa ba, ya ja da baya ya ɗaga murya: "Subhanallahi, murar tsuntsaye ta kama Azumi!"

Da wasa ya faɗa, wai. Kafin azahar duk tasha ta ɗauka. Mutanen da ke shan ruwan kwalbatin da ko jaki zai ƙi, su ne yau ke toshe hanci in sun zo wucewa gabanta. Kaico, ba su ko ji kunya ba!

Ranta ya ɓaci matuƙa. Ta miƙe, ta ɓare ƙwai uku, ta dangwala yaji ta cinye a gabansu.

"To, ku tsaya ku ga mutuwata, 'yan banza!"

"Shi ya sa take atishawa," in ji wani daga cikin mota.

Kwana huɗu ba wanda ya taya. Ƙwai kuwa bai jiran mutum a zafin Malanville. Ta kwashe tiren ta nufi gidan ɗiyarta Nafissa, ta ce ko jikoki su ci, kada ya lalace. Ta ɓare ɗaya ta miƙa ma ƙaramin. Nafissa ta taso daga madafa da sauri ta fizge shi daga hannun yaron.

"Inna, ki yi haƙuri, a bari a gani tukuna."

"A ga mi, Nafissa? Da mi na raine ki in ba da wanga ƙwai ba?"

Nafissa ta sunkuyar da kai, amma ba ta maida ma yaron ba. Ta ɗebo ruwa da sabulu ta wanke mishi hannu, Azumi tana tsaye tana kallo.