Ranar da Baba Ya Zare Makulli a Sérou

Abubuwa da yawa sun fara shige mini duhu yanzu, har sunayen ƙawayena na makaranta sai na yi ta lalube, amma yammacin da motar yayana ta mace mana a Sérou, wannan kam yana nan daram a zuciyata har in koma ga Mahaliccina. A gidan direba aka haife ni, don haka lalacewar mota ba baƙon abu ba ne a wurina. Sai dai ban taɓa ganin wadda uba da ɗa suka haɗa hannu suka kashe ba, kuma kowannensu yana ganin gyara yake yi.

Baba tsohon direban babbar mota ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar auduga da doya tsakanin Parakou da Kwatano. Yana da ƙane guda ɗaya tak, Baffa, a Djougou. Ranar da kakarmu ta rasu Baba yana kan hanya, Baffa kuwa bai jira shi ba, aka kai ta makwancinta kafin ya iso. Daga ranar Baba ya ce shi ba shi da ƙane, ya kuma riƙe wannan magana shekara da shekaru kamar an ba shi ajiya. Mata dai ba su fasa zumunci ba, Inna tana zuwa biki tana dawowa, Baba yana yin kamar bai san inda ta je ba. Sai ga goro da dabino an aiko har gidanmu na unguwar Kpébié a Parakou: an yi wa Baffa jika namiji, kuma sunan Baba za a sa masa. Kowa a gidan ya gane cewa Baffa ya miƙo hannu ke nan, in Baba bai je wannan suna ba, to an rufe ƙofar har abada.

Baba ya yarda zai je, amma da sharaɗi. Ba zai sauka a tasha yana saɓe da jaka kamar mai neman masauki ba. A katkat ɗin ɗansa, wato jif ɗin nan tasa, zai shiga garin, gilashi a rufe, a ga cewa rashin ƙane bai rage shi da komai ba.

Shi kuwa mai katkat ɗin, yayana, ɗan fari ne, mai shagon wayoyi, kuma Allah Ya yi masa baiwar sanin komai tun kafin a ƙera shi. Motar ta hannu ce, daga tashar jiragen ruwa ya ɗauko ta, lafiyarta ƙalau, kuma wannan lafiyar ce ta dame shi. Ya yi odar wata 'yar na'ura mai girman wayar hannu, wadda ake soka wa igiyarta a wani rami ƙarƙashin sitiyari, ta shiga ƙwaƙwalwar mota ta sauya mata lissafin mai da wuta don ta ƙara ƙarfi. Ranar da Baba ya gan shi da ita, bai dube shi ba, don a gidanmu uba ba ya kallon ɗan fari ido cikin ido, ba ya kuma kiran sunansa. Bango ya kalla ya ce, "A gaya wa wasu mutane, inji mai lafiya ba a taɓa shi." Yaya ya durƙusa ya ce to. Da safen ranar tafiya, kafin Baba ya dawo daga gaisuwar maƙwabta, ya soka na'urarsa.

Ina tsaye a kansa, don ni ce mai riƙe masa takardar bayani. Gaskiya na'urar ba ta ɓoye komai ba. Ta fara adana saitin da motar ta zo da shi daga kamfani, sannan ta jero zaɓi, kowane da irin man da yake bukata. Na ce, "Yaya, wannan na ƙarshen an ce sai da mai mai kyau sosai, mu kuwa kpayo muke sha." Kpayo shi ne fetur ɗin kwalba na bakin hanya, wanda babu mai rantse maka da abin da ke cikinsa. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai sayar da atamfa in ta sa baki a harkar maza. "Ke dai ki ji da zannuwanki. Moteur ɗin nan barci yake yi, yau zan tashe shi." Ya danna mafi ƙarfin, ya kuma ja mini kunne kada Baba ya ji.

Bayan azahar muka kama hanya, Baba a gaba cikin babbar riga mai aiki, ni a baya da kwanonin cincin. Inna ta riga mu tafiya don taya aikin abinci. Da farko motar ta tashi kamar an tsikare ta, Yaya yana leƙo ni ta madubi yana ɗaga gira. Da isansin gidan mai, wato fetur ɗin da muka taso da shi, ya yi ƙasa, ya tsaya aka ɗura mana kwalabe na kpayo. Ba mu yi nisa ba injin ya fara wata ƙara a duk hawa, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wata fitila mai ruwan lemo ta kama a gaban direba. Baba, wanda kunnensa ya fi na kowane makanike, ya ce wa gilashin gaba, "Injin nan yana ƙwanƙwasa." Yaya ya ƙara sautin rediyo. Wannan ce dabararsa ta farko.

Da muka iso Sérou, Djougou na nan gaba kaɗan, ƙarar ta kai inda rediyo ba zai iya rufa mata asiri ba. Yaya ya gangara gefen kwalta ƙarƙashin wani mangwaro, ya ce lokacin la'asar ya yi, a sha iska a yi salla. Baba ya fita yana miƙe ƙafa. Nan take Yaya ya zaro na'urar daga ƙarƙashin kujera, ya soka, ya murɗa makulli har fitilu suka kama ba tare da ya tayar da injin ba, ya zaɓi mayar da saitin kamfani. Abin da ya kamata ya yi ke nan, na ba shi wannan. Wani layi ya fara cika a fuskar na'urar sannu a hankali, da gargaɗi da manyan baƙaƙe a ƙasa: kada a kashe makulli, kada a zare igiya, kada a kunna komai har a gama.

Na raɗa masa, "Ka faɗa wa Baba kada ya taɓa."

"In ce masa me? In ce na yi abin da ya hana? Yanzu za ta gama, ni zan tsaya a kai."

Bai rufe baki ba Baba ya ce wa mangwaron, "A samo mana ruwan alwala." Ɗan fari ba ya ce wa ubansa dakata. Yaya ya ɗauki buta, ya jefa hularsa kan na'urar, ya ce mini da Faransanci in sa ido, ya ruga wajen wata rijiya. Na sa ido kuwa, da idona biyu na ga komai. Baba ya zagayo ta gefen direba, ya ga fitilu a kunne, makulli a jiki, mota babu kowa a gaba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kwana a bakin hanya da kayan mutane, wanda ko bayan gida zai shiga sai da makulli a aljihu. Ya yi tsaki. "Yaran zamani, a bar lakile a jiki batir yana zuba." Na buɗe baki na ce, "Baba..." Hannunsa ya riga harshena. Ya murɗa, ya zare, ya jefa a aljihu, ya juyo yana jiran in ƙarasa maganata. Na ce Allah Ya ƙara lafiya.

Bayan salla Yaya ya karɓi makulli da hannu biyu, fuskarsa kamar an watsa mata toka. Ya murɗa, injin ya juya ya juya, bai kama ba. Ya sake. Ya soka na'urar, ta ce ba ta ga mota ba, alhali tana zaune a cikinta. An katse rubutun a tsakiya, ƙwaƙwalwar motar ta rasa tsohon karatu, ba ta kuma samu sabo ba. Baba ya tuɓe babbar riga ya buɗe gaban mota, ya duba batir, ya duba mai, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, komai lafiya. Sai a lokacin Yaya ya durƙusa a jar ƙasa ya faɗi gaskiya, yana kallon takalmin Baba.

Na zaci Baba zai yi faɗa, amma abin da ya yi ya fi faɗa tsorata ni. Ya mayar da rigarsa a natse, har da ɗan sauƙi a fuskarsa, ya ce, "Allah bai nufa ba. A tare mana mota mai komawa Parakou." Na ce ga masu zem nan, 'yan acaɓa, babur biyu sun ishe mu, kafin magariba muna gidan Baffa. Ya ce shi ba zai shiga Djougou a bayan babur da ƙura a gemu ba, a ce ga yayan nan ya zo. Nan na gane cewa tun daga gida yake neman hanyar zillewa, ɗansa kuma ya saya masa ita da tsada daga ƙasar waje. Raina ya ɓaci ƙwarai, har hawaye suka zo mini. Na zaga bayan mangwaron na kira Inna, na gaya mata inda muke da abin da Baba ya ce. Ta ce, "To," ta kashe.

Baba yana tsaye bakin kwalta yana ɗaga wa motocin Parakou hannu, duk a cike suke wucewa, sai ga wata tsohuwar bashe, mota mai buɗaɗɗen baya ta ɗaukar doya, ta taho daga wajen Djougou, ƙofarta ɗaure da waya, hayaƙi na bin ta. Ta tsaya. Wani tsoho ya fito, kamarsu ɗaya da Baba har tafiyar, sai dai ya fi shi ramewa. Baffa ne, ashe Inna ta kai masa labari. Babu wanda ya yi sallama. Baffa ya ɗauko igiya daga baya, ya durƙusa da ƙyar yana ɗaurawa a gaban katkat ɗin. Baba ya kalli ƙullin, ya kau da kai, ya sake kallo. Direba ne, abin ya fi ƙarfinsa.

"Wannan ƙullin ko akuya ba zai riƙe ba. Matsa."

Baffa ya matsa. Baba ya durƙusa da babbar rigarsa a cikin ƙasa, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Baffa ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Yaya, kai za ka riƙe sitiyarin. Birki zai yi tauri, yaron nan ba zai iya ba." Rabon da wani ya kira Baba da Yaya, tun kakarmu na da rai. Baba ya miƙa hannu gefe ba tare da ya waiwaya ba, ɗan farinsa ya ɗora masa makulli.

Haka muka shiga Djougou, bashe mai hayaƙi a gaba, katkat mai sheƙi a baya a kan igiya, gilashi a buɗe don babu na'urar sanyi, masanin injuna a kujerar baya kusa da ni yana rungume da kwanon cincin. Rabin unguwa sun fito kallo. A ƙofar gida tsofaffin biyu suka sauka suna gardama kan wanda ya riƙa fizgar igiya, suna cikin gardamar suka shige zaure tare. Washegari Baba ne ya ɗauki takwaransa, ya yi masa addu'a. Motar kuwa sai a bayan wata babbar mota ta koma, ta yi makonni a garaji kafin a samu mai kwamfutar da ya farfaɗo da ita.

Yaya bai jefar da na'urar ba, amma yanzu in zai taɓa ta sai a gida, batir a cike, saiti daidai da man da yake sha, kuma sai ya sanar da duk mai rai a gidan, har da kaji. Baba bai ƙara ganin wani suna a gidan Baffa ba. Da ciwonsa ya yi tsanani, Baffa ne a gefen gadonsa, shi ya yi masa wanka, kuma bai bari an ɗaga gawar ba sai da Yaya ya iso daga Kwatano. Abin da na koya a ƙarƙashin mangwaron nan shi ne, kunyar da ke hana ka ce wa babba "kada ka taɓa" ba ladabi ba ce, tsoro ne ya yi ado. Mu a gidanmu ta kashe mana mota, kuma saura ƙiris ta sa Baba ya mutu ba shi da ƙane.