Malama Martina da Makin Kwando

Martina Kumai 'yar Kwoi ce, ta uku cikin 'ya'ya bakwai na wani manomin citta wanda bai yarda da komai ba sai abin da ya taɓa da hannunsa. Tun tana 'yar shekara shida ake zaunar da ita a tsakar gida tana rarraba busasshiyar citta: wadda aka tsaga daidai ta bushe ƙarau gefe guda, mai sauran danshi gefe guda, mai ƙasa a jiki gefe guda. In ta jefa wata inda bai dace ba, uban ba ya duka, sai dai ya ɗauko ya tambaye ta dalili. Ta girma da zaton haka duniya take tafiya, kowane hukunci da dalilinsa. Sai da ta gama kwalejin horon malamai, aka ba ta aiki a 1976, sannan ta gane a gidansu ne kawai ake yin haka.

An tura ta wata firamare a gefen Kafanchan, can bayan layin dogo, a shekarar da aka buɗe ƙofar makaranta ga kowa, yara suka cika azuzuwa har suka malalo gindin mangwaro. Aikin na gwaji ne. Bayan shekara guda sufeto zai zo ya rubuta rahoto a kanta. In rahoton ya yi kyau a tabbatar da ita, in bai yi ba ta tattara littattafanta ta koma Kwoi, inda ubanta ya riga ya miƙe a gaban ikilisiya ya yi godiya ga Ubangiji domin 'yarsa ta zama malama.

Aji shida aka ba ta, yara arba'in da takwas. Lissafi bai ba ta wahala ba, haka ma Turanci. A aikin hannu ne abin ya cije.

Makarantar tana da tsarinta na aikin hannu, kuma tsarin ya girmi yawancin malaman. A ƙarshen kowane zango yaro zai zo da abin da ya yi a gida, kwando ko tsintsiya ko faifai. Malami ya ɗaga, ya duba, ya dubi yaron, ya tuna ɗan gidan waye, ya rubuta maki. Kayan kuma su wuce gidajen malamai don a adana su. Wanda bai samu kwando ba yana iya kawo ƙwai shida, kuma tarihin makarantar bai nuna an taɓa kayar da mai ƙwai ba. Akwai wani tsoho a unguwar, Baba Zamani, dattijon ikilisiya, wanda babu mai saƙar kwando kamarsa daga nan har Kagoma. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana zuwa na ɗaya a aikin hannu ta hannun jikokinsa, ɗaya bayan ɗaya, ko da yake bai taɓa zama a benci ba. A waccan shekarar jikarsa Lucy ce ke wakiltarsa a aji shida.

Zango biyu Martina ta bi abin da ta tarar. A ƙarshen na biyun wata yarinya, Rahmatu, 'yar wani tela a kasuwa, ta tsaya a gaban teburinta da wani kwando ɗan karkatacce.

"Malama, ni na saƙa nawa da kaina. Me zan gyara in samu irin na Lucy?"

Amsar gaskiya ita ce ta sake kaka. Martina ba ta faɗa ba. Ta ce za su yi magana, ta kuwa yini tana jin kunya.

A hutun nan ta yi yini uku a kasuwar Kafanchan, a rumfar masu kwanduna, ba ta sayi ko ɗaya ba. Kallon mata masu saye take yi, tana tambayarsu. Ta ga kowace mace abu huɗu take dubawa: ta ajiye shi ƙasa ta ga ko ya zauna, ta ɗaga shi sama ta ga ko rana na ratsa saƙar, ta shafa bakinsa, sannan ta danna shi da gwiwa. Da aka koma makaranta sai yara suka tarar da bayan wata tsohuwar kalanda an manne a bango, an ja layuka. Gindi, saƙa, baki, ƙarfi. Kowanne yana da hawa uku, kuma an rubuta abin da kowane hawa ke nufi. Kwandon da ya zauna daram a kan tebur, biyar. Wanda ke rawa amma bai faɗi ba, uku. Wanda ya kwanta, ɗaya. A saƙa kuma, in an zuba dawa ba ta zuba ba, biyar. In dawa ta zuba gyaɗa ta tsaya, uku. In gyaɗa ma ta zuba, ɗaya. Haka har ƙasa, jimla ashirin. A ƙarƙashi ta ƙara layi guda: a aji za a saƙa, kowace Laraba da rana, a kulle a kabad.

Hedimasta, Mista Silvanus, ya tsaya gaban takardar hannunsa a baya ya karanta ta sau biyu. Ba mugun mutum ba ne. Shekara ashirin yana koyarwa, kuma zaman lafiya yake so.

"Malama, kin nuna wa yara amsar jarrabawa tun ba a yi ba."

"Yallaɓai, ai kwandon ne amsar. Ni tambayar na nuna musu."

"To," in ji shi, ya fita. A makarantar kowa ya san irin wannan "to" ɗin.

Laraba goma sha ɗaya aji shida na kama da rumfar masaƙa. Yara na fere gwangwala, suna yanke yatsa, suna satar gyaɗar gwaji suna ci. Abin da Martina ba ta zata ba shi ne sun daina zuwa wurinta. Yaro zai ɗauki nasa ya je bango ya karanta, ya ɗora a tebur, ya ga yana rawa, ya koma ya warware gindin da kansa. Rahmatu sau huɗu ta warware nata. Lucy ba ta warware ko sau ɗaya ba, domin tun tana aji ɗaya take da tabbacin ta iya.

Da aka fitar da sakamako a watan Yuli, Rahmatu ta samu goma sha takwas, Lucy takwas.

Washegari da safe Baba Zamani ya iso da sandarsa da hularsa ta zuwa sujada, ya kai wa hedimasta ƙara. Kafin la'asar Mista Silvanus ya rubuta wa ofishin ilimi cewa sabuwar malama ta kawo tsarin da ba ya cikin manhaja, ta ɓata wa iyaye rai, kuma yana ganin a sake tunani kafin a tabbatar da ita. Ya nuna mata takardar kafin ya aika, domin shi mutum ne mai adalci. Martina ta karanta, ta ce ta gode, ta koma aji ta koyar da lissafin rabawa.

Sufeton, Malam Lawal, ya zo ran Talata a kan babur, taɓo har gwiwar wandonsa. Mutum ne mai ƙarancin magana. Ya saurari hedimasta, ya saurari Martina, ya karanta kalandar. Daga nan ya buɗe kabad ya zaɓi kwanduna takwas, ya cire takardun suna da aka ɗaura musu, ya sa musu lamba. Ya kira malamai uku, har da Mista Silvanus, ya ce kowa ya ba da maki yadda ya saba, kada ya leƙa na wani.

Kwando mai lamba biyu ya samu shida a hannun malami ɗaya, sha ɗaya a hannun wani, sha bakwai a hannun hedimasta. Malaman sun yi ta juya kwandunan kamar suna neman wani abu, kuma abin da suke nema yana aljihun sufeto. Mista Silvanus ya bayyana cewa wannan bambanci shi ne ke nuna kowane malami da zurfin ƙwarewarsa. Malam Lawal ya rubuta wani abu a littafinsa.

"Ina mai ƙarar?" ya tambaya.

Baba Zamani na gindin mangwaro tun safe. Ya shigo yana magana tun daga ƙofa.

"Ranka ya daɗe, yarinya na ne. Jinin gida na. A ce ya ci takwas? Gidan mu ko akuya ya san saƙa!"

"Baba, mun ji," in ji Malam Lawal. "Ga kwanduna nan, ba suna a kansu. Ka jera mana su, daga mai kyau zuwa marar kyau."

Tsohon ya jingina sandarsa. Da hannunsa ya taɓa kwando sai fushin ya sauka, aiki ya hau. Ya ajiye a tebur, ya ɗaga wa taga, ya shafa baki, ya danna da gwiwa. Martina na tsaye jikin allo, ba ta san lokacin da ta karya allin da ke hannunta ba. Yara sun cika tagogi. Ya ɗauki lamba biyar ya daɗe yana juya shi.

"Wannan ya warware gindi ya sake. Ya yi hankali. Wa ya koya masa?" Ya sa shi a farko.

Da ya zo kan lamba biyu, ya ɗora shi a tebur, kwandon ya yi tangaɗi ya kwanta a gefensa kamar wanda ya sha burkutu.

"Kai! Wannan wa ya yi? Kaza ma ba zai yarda ya yi ƙwai a ciki ba. Uban sa ya zo ya ɗauka." Ya tura shi can ƙarshe.

Malam Lawal ya buɗe rajistar Martina ya bi jerin da yatsa. Shida cikin takwas sun faɗa daidai inda makinta ya sa su. Na uku da na huɗu a jerin ne kawai tsohon ya musanya.

"Baba, me na rasa a waɗannan biyun?" in ji Martina.

"Ɗanyen gwangwala ne wannan, 'ya ta. Yau yana da kyau. Wata biyu ya bushe, saƙa ya saki. Ba ka sa shi a takarda ba?"

"Ban sa ba."

"To sa."

Ta ɗauki biro ta je bango ta ƙara layi na biyar a gaban kowa. Sannan sufeto ya fito da takardun suna daga aljihu ya mayar wa kowane kwando tasa. Lamba biyar na Rahmatu. Lamba biyu, wanda hedimasta ya ba sha bakwai, na Lucy.

Baba Zamani ya dubi kwandon, ya dubi taga inda kan jikarsa ya riga ya nutse, ya sake duban kwandon.

"Nawa ka ba shi, Malama?"

"Takwas, Baba."

"Ka yi masa alheri." Ya ɗauki sandarsa, ya ɗauki kwandon da yatsa biyu. A ƙofa ya juyo. "Ran Laraba zan zo. Yaran nan ba su iya fere ba."

Yaran taga suka ɓarke da ihu, kuma babu malamin da ya tuna ya tsawata musu. Malam Lawal ya zauna a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa, ya kwafe kalandar kaf a littafinsa, har da sabon layin. Ya tambayi Martina ko ana iya yin irin wannan wa rubutun insha'i. Ta buɗe durowa ta miƙa masa na insha'in, domin tun watan Mayu ta rubuta, tsoro ne ya hana ta mannawa.

Takardar ofishin ilimi ta zo a watan Satumba. Sakin layi na farko ya tabbatar da Malama Martina Kumai a aikin koyarwa. Na biyu ya umarce ta da ta ware Asabar huɗu ta nuna wa malaman yankin yadda ake tsara irin wannan ma'auni, daga Kagoma har Samaru Kataf, kuma kowane mahalarci zai gwada da hannunsa kafin ya gwada a kan yara. Mista Silvanus ne ya karanta takardar a taron safe, ya ƙara da cewa makarantarsa ta daɗe tana ƙarfafa wa matasan malamai gwiwa.

Asabar ta farko malamai talatin da ɗaya suka zo, wasu a keke, wasu a bayan motar doya. Hedimastan na benci na gaba da tabarau da gwangwalarsa. Da la'asar kowa ya kawo abin da ya saƙa, Martina ta ɗora a tebur, ta zuba dawa, ta zuba gyaɗa, ta shafa baki. Mista Silvanus ya samu sha ɗaya. Ya je bango ya karanta, ya dawo ya zauna, bai yi gardama ba.