Hannun Sista Dakata

Sista Dakata ta shekara talatin da huɗu tana aikin jinya, ashirin daga ciki a ɗakin masu ciwo mai tsanani, mai gado shida da taga ɗaya. Bakinta ne ya jawo mata sunan: kome za a yi wa majinyaci, sai ta ce a dakata ta taɓa shi tukuna. Ina ɗakin haɗa magani lokacin da ta kama aiki, 'yar siririya da agogo maƙale a gaban riga.

A wancan zamanin ba mu da injin numfashi. Wanda numfashinsa ya gaza, sai a zura masa bututu a maƙogwaro, a haɗa da wata baƙar jakar roba, ma'aikata su riƙa matsawa da hannu, kowa awa biyu. Na ga ranar da ta yi awa tara a kan kujera marar majingina tana matsa wa wata mata da maciji ya sara. Ta ce mini in mutum ya fara neman numfashi da kansa, jakar takan ɗan motsa a tafin hannu, kamar kifi ya taɓa ƙugiya. A makarantar mishan an hore mu da rubuta abin da muka ji da kwanan wata, don haka na rubuta.

Na daɗe da yin ritaya sa'ad da ciwon huhu ya kwantar da ƙanena a gado na huɗu. Injin da aka sa masa yana aiki iri biyu. Ko dai ya ɗauke wa mutum aikin numfashin gaba ɗaya, ya hura masa iska bisa ƙidaya, ko kuwa ya jira mutum ya ja da kansa sannan ya tallafa. Ƙanena yana kan na farkon, sau goma sha shida a minti.

Ran kwana na shida da hantsi injin ya dinga ƙara. Likitan ɗakin, matashi mai ƙwazo, ya dubi allon injin ya ce majinyaci na kokawa da shi, a ƙara maganin barci. Na san abin da hakan ke nufi. Dattijo in ya ƙara kwana uku ba ya jan iska da ƙarfinsa, ƙirjin yakan saki, wani kuma ba ya sake rabuwa da injin.

"Dakata, Likita," in ji Sista. Ta ɗora tafinta ƙasan haƙarƙarinsa, ido a kan agogonta, minti guda cur.

"Mama, ga lissafi nan a allo," in ji likitan.

"Allon bai taɓa shi ba, ɗana. Ba kokawa yake ba, rigan injin jan numfashi yake yi. Ya ja, injin bai ba shi ba, ya saki, injin ya tura. Ko kai ne ai ka yi fushi."

"In ya gaji fa?"

"Ka sa masa iyaka. In ya yi shiru, injin ya karɓa. Kawo hannunka."

Ya sa hannu inda nata yake. Ya duba takardar zazzaɓi, wanda ya sauka tun jiya, ya duba awon iskar jini. Sannan ya danna maɓalli biyu ya mayar da injin mai jira. Ƙarar ta tsaya. Sista ta wuce gado na biyar, ko waiwayena ba ta yi ba.

Bayan kwana huɗu aka cire bututun. Da murya ta dawo masa, a dushe, ƙanena ya ce, "Yaya, wace ce mai hannun sanyin nan da ta hana ni barci?"

Na gaya masa. Ya ce a yi mata godiya, amma ta riƙa ɗumama hannun.

Sista ta ajiye aiki bara. Likitan yana nan, kuma an ce mini kafin ya dubi allo yakan murza tafinsa a riga, sannan ya taɓa majinyaci.