Turken Ruwa

Kakarmu Iya Dije ba ta fara tatsuniya sai wutar kara ta kama, gyaɗa ta shiga toka. Gidanta na kan tudu a Madarumfa, daga ƙofa kana hango tabki. Ni take kira maigidanta, ƙanena Sanusi kuwa ɓarawon gyaɗa, kuma ba ƙage ta yi masa ba. Tatsuniyoyinta na dariya suna da yawa, amma wadda ta zauna mini ita ce ta turken ruwa. Tsoronta nake ji, kuma kullum ni ke roƙon a yi ta.

"To ga ta nan tahe, ku matsa mata," in ji Iya.

Wai a wani gari na bakin tabki, ruwa ɗan ci-rani ne. Yakan tafi ya daɗe, amma ɗakinsa na nan. Duk shekarar da ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, dattawa sukan kafa turken kirya a wurin. Dokar garin ɗaya ce: daga turke zuwa ƙasa ɗakin ruwa ne, a yi noma, a yi kiwo, amma ba a kwana. Sai fari ya zo ya daɗe. Wani mutum ya ga fili shimfiɗe, ya yi gini a ciki. Da ya rasa inda zai ɗaure jakinsa, ya tuge turken ya kai gida. Maƙwabta suka duba ba turke, suka biyo shi da nasu ginin.

A nan Iya takan rage murya. "Ran da ruwa ya komo, bai yi hushi ba. Sallama ya yi, ya ce, 'Wa ya gane mani turkena? Da shi nike sanin inda zan tsaya.' Ba wanda ya amsa. Sai ya shiga nema gida-gida."

Sanusi yakan cafke zanenta. "Iya, ya samu?"

"Ya samu, ɗan nan. Amma sai da ya duba kowane ɗaki."

Daga nan sai ta hau tonon gyaɗa.

Iya ta daɗe da rasuwa. Damina kuma ta rikice, wata shekara a yi ta roƙon ruwa, wata ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Bayan ambaliyar da ta cinye gidaje a unguwar ƙasa, ma'aikatan meri, ofishin magajin gari, suka zauna da masu unguwanni. Aka kafa turakun siminti masu jan fenti, aka hana zama ƙasa da su, aka ba mutane filaye a tudu. Ran da na gan su sai da na yi ƙwalla, don dokar Iya ce aka shafa wa fenti.

Gidan Sanusi na ƙasa da turakun. Filin da aka ba shi ya yi nisa da lambunsa, sai ya ce bari dai ya gani. Damina ta wuce lafiya, wata ma ta wuce.

Bana na je gaishe shi. Ina shiga na ga jan turke a tsakar gidansa, jakinsa ɗaure da shi. Na nuna masa turken.

"Yaya, banza hwa yake tsaye can," ya ce. "Ruwan ga ya yi nisa."

"Sanusi, ka manta da Iya?"

Ya yi dariya, ya ce ai tatsuniya ce, amma bai dube ni ba. Ƴarsa ƙarama, wadda ya sa wa sunan Iya, tana barci a tabarma a ƙasan ɗaki. Na roƙe shi ya tashi, ya ƙi. Na ce to ya ba ni Dije ta yi damina a wurina. Bai tambayi dalili ba, ya shiga ya ɗaure mata kayanta.

Da ina yaro na ɗauka ruwan ne abin tsoro a labarin. Yanzu na san wanda ya tuge turken ba mugu ba ne, wurin ɗaure jaki kawai yake nema, kuma kowace doka irinsa take haɗuwa da shi. Dije na wurina. In hadari ya haɗu a gabas nakan tsaya a ƙofa in dubi unguwar ƙasa, ina addu'a kada a yi wa ƙanena sallama.